Ruwan famfo ne ya cinye mana ƙanƙarar dare

Duk mai shirin girka tankin ajiye sanyi da ƙanƙara, ya fara duba inda ruwan ciko (wanda ake ƙarawa idan na cikin bututu ya ragu) yake shiga layin gilaikol, wato sinadarin da ake haɗawa da ruwa don kada ya daskare da wuri. Nan aka kwana da mu a wani otal da muka yi wa aiki, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Lissafin ba shi da matsala. Kilo 1 na ƙanƙara sai ya shanye zafi kilojul 334 kafin ya narke, wato mita kubik 1 yana riƙe sanyi kusan kilowat-awa 85. Da dare injin sanyaya yana tura ruwa mai gilaikol kashi 25 cikin 100, a wajen digiri 5 ƙasa da sifili, ta cikin bututun robar da aka naɗe a tanki, ruwan tankin ya daskare a jikinsu. Da rana ƙanƙarar tana narkewa, ruwan layin ya fito a digiri 1, bawul mai baki uku ya sirka shi da ruwan da ya dawo da ɗumi zuwa 6 ko 7, a sanyaya ɗakuna da shi. Mun ma cire kashi 30 zuwa 35 daga ƙarfin injin a lissafin, domin haka ƙarfinsa yake raguwa idan yana yin ƙanƙara.

Sai tanki ya daina cika da ƙanƙara. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 idan ya daskare, da hawansa ake gane yawan ƙanƙara, namu kuwa a rabi yake tsayawa. Injin ya riƙa kashe kansa cikin dare, kafin la'asar ɗakuna sun ɗau zafi, janareta ya koma shan dizal. An zargi kwampireso, an canza na'urar auna sanyi, duk a banza.

Ashe mai aikin famfo ya jona layin da ruwan gari ta bawul mai cika kansa. Famfon tura ruwa yana ɗiga kaɗan-kaɗan: gilaikol yana fita, zallan ruwa yana maye gurbinsa, awon matsi bai ko motsa ba. Da muka auna, kashi 12 ya rage. Wannan a wajen digiri 4 ƙasa da sifili yake fara daskarewa, mai kashi 25 kuwa sai an wuce 10 ƙasa da sifili. Allah Ya tsare, da ya daskare cikin bututun injin ya fasa su. Maganin tsatsar da ke ciki ma ya tsinke.

Mun datse ruwan garin, muka sa tankin ciko mai haɗaɗɗen gilaikol da ƙararrawa idan ya yi ƙasa. Kowane wata kuma a ɗebi samfuri a auna da rifraktomita (na'urar da ke nuna yawan gilaikol a ruwa), famfo yana juyawa, domin ruwan da ya kwanta a lungun bututu ba ya nuna gaskiyar layin.