Dala ashirin a aljihu

Yau da safe na sauke yarana biyu a ƙofar lakwal, ƙaramar ta riƙe mini riga: "Baba, kuɗin ƙosai fa?" Dala ashirin ce ta rage a aljihuna, na miƙa mata.

Da can siyasa hirar fada ce a wurina, a sha shayi a watse. Sai 2023, bayan juyin mulkin soja a nan Nijar, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba mana takunkumi, aka rufe iyakar Ɗan Isa, Najeriya ta yanke wuta. Keken ɗinkina ya tsaya cik. Jibiya ga ta nan, dangi na can, zuwa ya gagara. Wallahi talaka ya sha wuya.

Tun lokacin, soja ko farar hula, da kuɗin tiyar hatsi a kasuwar Maraɗi nake auna mai mulki. Gobe kuma akwai kuɗin littattafan babban.