Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kyandirori Huɗu a Falon Mama

A makon jiya na tsaya a inda na kama ɗakin haya a Brighton, wani gari a Ingila, a gidan wata dattijuwar Baturiya da nake kira Mama saboda shekarunta da yadda ta riƙe ni. Wata biyu da tarewata, a daren 31 ga Oktoba, na sauko shan ruwa sai na tarar ta ture kujerun falo, ta kunna kyandir a gabas da yamma da kudu da arewa, tana tsaye a tsakiya ita kaɗai. A gabanta akwai gishiri da ruwa da wuƙa mai baƙar ƙota, da hoton mijinta marigayi. Gabana ya faɗi, na koma ɗaki ina karanta Ayatul Kursiyyu, domin abin da ya faɗo mini a rai shi ne maitar da muka taso muna jin labarinta.

Da safe ita ce ta tayar da maganar, ta ce, "Ɗana, na ji takunka jiya, zauna in yi maka bayani." Sunan addininta Wicca, wanda Gerald Gardner ya fito da shi fili bayan an soke dokar maita a Ingila a 1951. Suna bauta wa gunkiya mace da abokinta namiji, suna da bukukuwa 8 a shekara, wanda na gani kuwa shi ne Samhain, daren tunawa da mamata. Wuƙar ba a yanka komai da ita, da'ira kawai ake zanawa a iska.

Abin da ya fi cin ranta, na lura, shi ne kaɗaici. Ta shafe shekaru a cikin ƙungiya, irin wadda bisa al'adarsu ba ta wuce mutum 13, ƙarƙashin shugaba mace. Sai da ta jira shekara ɗaya da kwana ɗaya kafin a shigar da ita, ta yi rantsuwar riƙe sirri, ta kwafe littafin ibadarsu da hannunta, sannan ta bi matakai 3 ɗaya bayan ɗaya. Ta ce har yanzu tana jin muryoyinsu a kunnenta, sun riƙe hannun juna suna zagaye da'ira, kofi ɗaya yana yawo a tsakaninsu. Amma taro ƙarami ba ya ɗaukar gaba: mutum biyu suka saɓa a kan shugabanci, gulma ta shiga, har ta kai ana tsayuwa a da'ira ɗaya ba a gaisawa, sai ta janye jikinta.

Yin ibada ita kaɗai ya ba ta sarari, tana zaɓar lokacinta da kalmominta, kuma littafin da Ba'amurke Scott Cunningham ya wallafa a 1988 ya ƙarfafa wa masu yin haka gwiwa. Duk da haka wasu tsofaffin abokanta suna ganin wanda ba a shigar da shi ƙungiya ba bai cika ɗan Wicca ba, ita kuma da bakinta ta ce babu mai gyara mata idan ta kauce, babu mai nemanta idan ta yi sanyi.

Na gaya mata gaskiya cewa ni Musulmi ne, ban yarda da abin da take bautawa ba, ta kuma karɓa ba tare da ɓacin rai ba. Amma maganar kaɗaicin ta taɓa ni ƙwarai, domin tun zuwana a ɗaki nake salla ni kaɗai, ina kewar sahun masallacin unguwarmu. Da na faɗa mata cewa a wurinmu sallar jam'i ta fi ta mutum ɗaya da daraja 27, sai ta yi shiru tana juya cokali a cikin shayinta. Ranar Alhamis na tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin ƙofata, ta rubuta mini kwatancen masallacin titin Dyke da motar da zan shiga. Yadda Juma'ata ta farko ta kasance a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.