Wuni guda a duwatsun Atlas tare da ɗan gari

Yau kwananmu huɗu da dawowa daga Maroko, amma har yanzu da na rufe ido fararen kawunan duwatsun nan nake gani. Ni da Umma muka je duba ƙanwata da ke karatu a can, muka haɗu da ita a Marrakesh. Tun safiyar farko da muka hau saman masaukinmu muka hango su ta kudu, sun yi dogon layi sun tokare sama, dusar ƙanƙara ta lulluɓe su, mu kuwa a cikin gari har mun fara neman inuwa. Umma ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Can ta juyo ta ce da ni, "In dai mutane na zuwa wurin can, ka kai ni in ga ikon Allah."

Zuwa ana zuwa. A lungunan da ke kewaye da dandalin Jama'ul Fana, da wuya ka yi taku ashirin ba ka ga ɗan shago da allon hotuna a ƙofarsa ba, wani na kiranka ka zo ka yanki tikitin yawon dutse. Tafiyar iri biyu ce. Akwai ta haɗaka, a zuba ku cikin ƙaramar bas da mutanen da ba ka sani ba, aka ce mini dirhami 250 kowane kai. Akwai kuma ta shata, mota taku ce ku kaɗai da direba da jagora, daga safe har magariba. Ni da na yi lissafi zuciyata ta karkata ga ta farko, mu uku dirhami 750 an gama magana. Ƙanwata ce ta hana. Ta ce, "Yaya, na taɓa shiga irinta da ƙawayena. Wallahi rabin ranar a shaguna muka ƙare." Ta ce sai da aka tsaya da su wurin masu sayar da man argan, wanda ake matsewa daga ƙwallon wani itace, aka tsaya wurin hawa raƙumi a ɗauki hoto, aka tsaya wurin masu tukwane, aka kai su gidan abincin da ba su suka zaɓa ba, dutsen da aka fito dominsa kuma bai samu awa biyu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin tikitin bai isa ya riƙe mota da mai da direba ba, don haka ana cike giɓin da la'adar da masu shagunan ke bayarwa a kan duk abin da baƙo ya saya. Araha ba ta ado. Ga kuma gwiwar Umma da ba ta son gaggawa, ga salla, wadda ba wanda zai tsayar da bas cike da baƙi saboda mutum uku.

Shagon farko da na shiga neman shata, duk tambayar da na yi amsa ɗaya mai shi ke ba ni, wai komai akwai, komai an haɗa. Na ce abinci fa? Akwai. Jagoran ɗan ina ne? Mutumin kirki ne. Na yi masa godiya na fita. A na biyu na samu wani dattijo mai natsuwa, da na tambaye shi jagora sai kawai ya danna waya ya miƙo mini ya ce in tambaye shi da kaina. Da ɗan Larabcin makaranta da nake da shi muka fahimci juna. Jagoran ya ce shi haifaffen kwarin Imlil ne, can cikin duwatsun, yana da katin shaidar aikin jagora na hukuma, zai nuna mini kafin mu hau mota. Na ce ba ma son a kai mu shago ko ɗaya sai wanda muka nema, ya ce ya ji. Na ce da tsohuwa muke, ya ce akwai alfadari. Wannan wayar ta minti biyar ita ta yanke mini shawara.

Ciniki kuwa mun sha shi. Dattijon ya fara da dirhami 1,600, na taya 900, ya dafa ƙirji ya ce ko mai ba zai saya ba. Aka kawo shayi, aka yi hirar iyali, aka sake komawa. A 1,200 muka tsaya, ban da abinci da kuɗin alfadari, na sa ya rubuta mini haka a takarda da lokacin tashi da na dawowa. Abin da ya burge ni da cinikinsu shi ne ba ɓacin rai a ciki. Mu da mun ja farashi sau biyu sai ka ga fuska ta canza, su kuwa kamar ma ba su jin daɗin mai sayen da ya biya kuɗin farko bai ce uffan ba.

Asabar muka tashi, kuma jagoran ne ya zaɓi ranar, domin ita ce ranar kasuwar Asni, wani gari da ke kan hanyar Imlil. Fili ne shimfiɗe da gonakin zaitun har Tahannawut, daga nan hanya ta fara nannaɗewa, ƙasa ta koma ja, muka shiga matsatsin kwazazzabon Maulay Brahim, dutse ta dama, rami ta hagu, kogi na gudu can ƙasa. Umma ta kama tasbaha. A nan ne jagoran ya ce direba ya tsaya, ya fito da mu ya nuna mana garin Maulay Brahim can bisa tudu, ya fara ba mu labarin abin da ya faru ranar Juma'a 8 ga Satumban 2023 da dare. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ce ta afka wa yankin Alhauz bayan ƙarfe sha ɗaya na dare, mutane na cikin ɗakuna, ta hallaka kusan mutum 3,000. Gidajen ƙauyukan dutse na laka ne da duwatsu da azara, shi ya sa suka zube a kan masu su. Na ji wannan labari a rediyo a lokacinsa, amma ji daban, tsayawa kusa da wanda ya tona ƙasa da hannunsa yana neman 'yan uwansa daban. Yana magana yana nuna inda aka sake gini da bulo da inda har yanzu kufai ne. Umma ta ɗaga hannu ta yi wa mamatan addu'a, shi da direban suka tsaya suna amsawa da amin. Mun yi kusan rabin awa a wurin, basa-basan haɗaka uku suka wuce mu ba wadda ta ko rage gudu.

Kasuwar Asni ta mutanen ƙauye ce, ba ta baƙi ba. An ɗaure jakuna da alfadarai a fili guda kamar tashar mota, ga wanzamai a cikin rumfuna, ga masu gyaran takalmin dabbobi, ga tulin na'ana'a. Jagoran ya ce in yi shiru in bar shi ya taya, da ɗan gari kan ci gari, ya saya mana dabino da tuffa a farashin da na san ni ba zan taɓa samu ba. Da na tambaye shi man argan, ya yi dariya ya ce itacen ba ya ma fitowa a nan, can yankin Sus yake wajen Agadir, da kuma wajen Assawira.

Abin da ya tsayar da ni a Asni allunan gefen hanya ne. Bayan Larabci da Faransanci akwai wani rubutu mai da'ira-da'ira da gicciye da ɗigo, na ce ai na san wannan, irin na Buzaye ne. Ya ce shi ne, Tifinag, kuma tun 2011 tsarin mulkin ƙasar ya sa harshen Amazik, dangin harshen Buzaye, cikin harsunan hukuma. Su mutanen wannan dutse Tashalhit suke yi, wani reshe na Amazik ɗin. Ruwa su ce aman, dutse su ce adrar. Na tambaye shi yadda suke cewa mutum ya kame baki a watan Ramalana, ya ce azum. Umma ta ce, "Kai, ashe 'yan uwa ne!" Daga nan ta saki jiki da shi gaba ɗaya, shi kuma ya koma kiranta Lalla Hajja har muka rabu.

Daga Asni zuwa Imlil kilomita goma sha bakwai ne na hawa zalla. Garin yana kan tsayin kusan mita 1,800, a nan kwalta ke ƙarewa ga mai neman Tubkal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Masu hawansa kwana biyu suke yi, su kwana a masaukin da ke can sama. Mu ba wannan ya kawo mu ba. Aka ɗora Umma a kan alfadari a dirhami 150, kuɗin da na ga ya yi yawa da farko, amma da na ga hanyar da yaron ya ja dabbar, na ƙara masa da kaina. Sanyi ya ratsa ni duk da rana, numfashi kuma ya riƙa yi mini wuya a hawan. Gonakinsu hawa-hawa ne kamar matakala, kowace an tokare ta da katangar dutse, wata faɗinta bai wuce tabarma uku ba. Ruwan ƙanƙarar da ke narkewa suke tarewa su bi da shi ta ƙananan magudanai a jikin dutse, kowane gida da lokacinsa na ban ruwa, kuma ba mai taɓa na wani. Na tsaya ina kallon wani tsoho yana toshe kwata da ƙafarsa ya buɗe wata, na tuna irin faɗin ƙasar da Allah ya ba mu da yadda muke barin ta zaune rabin shekara. Raina ya sosu.

A kan hanyar ne muka ci karo da abin da ya ɓata mini rai. Tun bayan kisan wasu 'yan mata biyu 'yan yawon buɗe ido daga Denmark da Norway kusa da Imlil a Disamban 2018 aka tsaurara tsaro a yankin, aka wajabta wa masu hawa Tubkal tafiya da jagora, ana kuma duba takardu. Wannan ban ƙi ba. Amma jami'in da ya tare mu ya bar Turawa huɗu sun wuce da murmushi, mu kuma ya riƙe fasfonmu yana juya shi, yana tambayar me ya kawo mu, nawa ne a aljihunmu, yaushe za mu bar ƙasar. Ko sallamar Umma bai amsa ba, dattijuwa a kan alfadari, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Jagoran ya matso ya ciro katinsa, ya yi masa magana da harshensu a hankali amma ba wasa a fuskarsa. Aka miƙo mana fasfo ba ko ban haƙuri. Da muka yi gaba ya ce da ni, "Sidi, ka yafe mana, baƙona ne ku, kunyar tawa ce." Da mu kaɗai ne ban san awa nawa za mu yi a tsaye ba.

Azahar ta same mu a ƙauyen su jagoran, gidaje a jingine da juna a jikin dutse, rufin wani shi ne tsakar gidan wani. Ruwan alwala kamar ya tsinke yatsu. A gefen masallacin na ji yara na karatu, na tsaya cak, domin Warshu suke ja, da allunan katako a hannunsu da tawada, rubutun ma irin wanda na tashi da shi, fa'un da ɗigonsa a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama. Na karɓi allon wani yaro na karanta masa layi biyu, malaminsu ya miƙe ya rungume ni. Malikawa ne kamar mu, ban ji baƙunta ko kaɗan a sahun ba.

Mun yi shirin cin abinci a wani gidan abinci a Imlil, jagoran ya ce mahaifiyarsa ta ji da Hajiya muke, ta ce ba za ta yiwu ba. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba ta jin Larabci sam, Umma ba ta jin Tashalhit, amma suka zauna hannu cikin hannu kamar sun shekara da sanin juna. Aka kawo gurasa mai zafi da man zaitun da zuma, da wani ɗan itace mai ɓawo da tauri, cikinsa kamar ƙwaƙwalwa, wanda Larabawa ke kira jauz, itatuwansa ne suka cika kwarin. Sannan tajin, naman akuya da dankali da aka turara a kaskon ƙasa mai murfi kamar malafa, tun safe yana kan gawayi. Shayin kuwa daga sama ake tsiyayo shi har ya yi kumfa, sukarinsa ya fi ƙarfina amma na shanye kofi uku. Ɗakin da muka zauna akwai tsaga a bangonsa daga sama har ƙasa, an cike ta da siminti. Da za mu tashi na naɗe kuɗi na miƙa, tsohuwar ta ture hannuna, fuskarta ta nuna ta ji ciwo. Umma ta harare ni, ta cire tasbaharta da ta zo da ita daga Madina ta rataya mata a wuya. Wannan ta karɓa, ta sumbace ta, suka yi ta kuka su biyu.

Saura na ranar da sauri ya wuce. Mun gangara ta wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse, ƙanwata ta yi hotunanta, muka yi la'asar a Imlil. Umma ta yi barci tun kafin Asni. Mun shiga Marrakesh hasumiyar masallacin Kutubiyya na kiran magariba, na ƙara wa jagoran dirhami 200 a kan abin da aka yi yarjejeniya, na ba direba 100. Umma ta sa ya rubuta mata sunan mahaifiyarsa a takarda, ta ce za ta riƙa sa ta a addu'a.