Haɗa 'yan tsaki da manyan kaji a daminar Legas

Mai kiwon kaji a bayan gida a Agege ko Idi-Araba ya san watan Yuni da Yuli: ruwa ya wuni yana zuba, ƙasar akurki ta jiƙe, dusar katako ta cure. A irin wannan lokaci ba saran manyan kaji kaɗai ke kashe tsako ba. Abin da ke faruwa shi ne manya su kore shi daga busasshen wuri da bakin abinci, ya raɓe a lungu cikin danshi, gashinsa ya jiƙe, kafin asuba sanyi ya gama da shi.

Saboda haka a fara duba gashi. Tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashin girma ya rufe shi, wajen mako 6 ke nan. A makon farko yana buƙatar zafin digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar digiri 3 duk mako. Da rani ana iya gwada haɗi a mako 8, amma da damina gara a jira mako 10 zuwa 12, lokacin da suka kai aƙalla rabin girman manya. Wanda zai iya haƙuri har ɗan tsagaitawar ruwa ta watan Agusta, ya fi. Kafin nan a tabbatar sun sha rigakafin cutar Gumboro da kuma Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle. Waɗanda aka sayo daga kasuwa kuwa a ware su mako 2 tukuna, ko da ido ya nuna lafiyarsu lau.

Matakin farko raga ce. A raba akurki da ragar waya, ƙanana gefe guda, manya gefe guda, suna ganin juna baki bai kai ba, kwana 7 zuwa 10. Gefen ƙanana ya kasance wanda feshin ruwa ba ya kaiwa. A rataya buhu ko tamfol ta inda iska ke bugowa, amma a bar sama a buɗe. Mutane da yawa suna toshe ko'ina don tsoron sanyi, sai warin kashi ya taru ya jawo mura. In ka durƙusa daidai tsayin kaza ka ji warin yana hawa maka ido, iska ba ta isa ba. Mai ɗumama su da kurfoti idan an ɗauke wuta, ya bari gawayin ya ruru a waje kafin ya shigar, kuma kada ya rufe ɗakin ruf.

Shimfiɗa ita ce ke buƙatar ido kullum. A zuba dusar katako mai kauri, ba mai laushi kamar gari ba, zurfin santimita 5 zuwa 8. Damƙi hannu guda ka matse: in ta watse da ka saki, lafiya, in ta dunƙule kamar fura, kwashe ta. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce gidan cutar zawon jini. Manya sun riga sun saba da ƙwayar, suna zubar da ita a kashi, ƙanana su tsattsaga su kwanta. Alamarta tsako ya takure, fukafukai sun sauka, kashi da jini. Maganin da ake kira Amprolium ake sawa a ruwan sha bisa ƙa'idar da ke jikin takardar, kuma kada a haɗa shi da bitamin a kwanakin, domin bitamin B1 yana rage masa ƙarfi. A ɗora mazubin ruwa kan bulo don kada ya riƙa malala.

Ranar buɗe raga a zaɓi yammacin da babu hadari, kamar awa guda kafin magariba, a tsaya a wurin. A bar ƙofa mai faɗin santimita 8 zuwa 10 a jikin ragar, wadda ƙarami zai shige babba ya kasa. Mazubin abinci biyu, na ruwa biyu, nesa da juna, ta yadda kaza ɗaya ba za ta tsare duka ba. Kada a shigar da tsako ɗaya tilo, a sa su uku ko fiye a tare.

Abinci kuwa kowa ya koma na masu tasowa. Na masu ƙwai yana da sinadarin kalsiyam mai yawa da ke lalata ƙodar ƙanana. Masu yin ƙwai a aje musu dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa a wani kwano daban.

Sara da kora na kwana uku ko huɗu ba abin damuwa ba ne, haka suke tantance babba da ƙarami. Jini ne abin tsoro, don kaza in ta ga ja ba ta bari. A cire mai raunin nan take, a wanke, a shafa shuɗin maganin raunin nan da ake kira GV, sai ya warke a mayar. In kaza guda ce ke addabar kowa, ita za a kulle kwana uku. Da dare kuma a leƙa da tocila: duk tsakon da ke kwance a ƙasa kusa da ƙofa a ɗauke shi a kai busasshen gefe, a taɓa maƙoƙonsa a ji ko ya ci abinci.