Aiki da ƙaramar tarakta a gonar gangare

Ana yi wa Sakkwato kallon shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma duk mai noma a inda tudu ke sauka zuwa fadamar gulbin Rima, wajen Wurno da Goronyo, ya san akwai gangare, ga marmara, ga kwazazzaban da ruwan Agusta ke haƙawa. A irin waɗannan gonaki ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 25 zuwa 45 ta fi babba saurin kifewa, saboda tazarar da ke tsakanin tayoyinta kaɗan ce, nauyinta kuma yana sama.

Matsalar ita ce shawarwari biyu ne ke karo da juna. Malamin gona zai ce a yi huɗa a gicciye, kunya ta tare ruwa kada ƙasa ta zaizaye. Gaskiyarsa. Ita kuwa tarakta ta fi zama daram idan tana hawa da sauka kai tsaye, a gicciye ne take faɗuwa ta gefe. Abin da zai raba gardamar shi ne awo, ba ido ba.

Samo katako miƙaƙƙe mai tsawon mita 2 da ma'aunin nan mai ɗigon ruwa na magina. Aza kai ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, ɗaga ɗayan har ya daidaita, sannan ka auna daga bakinsa zuwa ƙasa. Santimita 35 na nufin digiri 10 ke nan. Santimita 54 digiri 15 ne, kuma nan ne iyakar da bai kamata a wuce da ƙaramar tarakta a gicciye ba, sai dai in littafin injin ya faɗi ƙasa da haka, to a bi nasa. Abin da ya zarce wannan a bar wa shanun huɗa da galma. Ba abin kunya ba ne.

Amma ko digiri 10 ɗin na iya yaudararka. Lokacin huɗa tayar dama tana tafiya ne cikin kwarin da garma ta buɗe. Kwari mai zurfin santimita 20, a taraktar da faɗinta bai wuce mita 1.2 ba, yana ƙara karkata kusan digiri 9. In tayar da ke cikin kwarin tana ɓangaren gangare, 10 ta koma 19 ba ka sani ba. Saboda haka ka tsara aikin yadda kwarin zai kasance ta ɓangaren tudu: tarakta ta ɗan miƙe, garma kuma tana jefa ƙasa sama maimakon ta riƙa tura ta ƙasa kowace damina. Garma mai kifa ƙasa gefe ɗaya za ta sa ka dawo ba huɗa a kowane zagaye, mai zai ƙaru, amma ya fi kifewa araha. Ramin gafiya, gindin suri ko dutsen da tayar sama ta hau, duk irin wannan lissafin suke yi, don haka a zaga gonar da ƙafa tukuna, musamman in ciyawa ta rufe ƙasa.

Kafin a fita akwai gyaran da bakanike zai yi cikin yini guda. A buɗa tayoyin baya zuwa iyakar faɗinsu, yawanci ta hanyar juya ƙarfen tayar ko musanya ta dama da ta hagu, tare da lura kada zanen taya ya juya baya. A zuba musu ruwa wajen kashi 75 cikin 100: a ɗaga tayar, a juyo bakin iska sama, a cika har ruwa ya kai bakin, ragowar a sa iska. Mu nan ruwa ba ya daskarewa, ruwa zalla ya isa. A gaba kuma a rataya ƙarafan nauyi, domin da zarar an ɗaga haro ko rija gaba yana yin sakayau, sitiyari ya daina ji. Aƙalla kashi 20 cikin 100 na nauyin ya zauna kan tayoyin gaba.

Ƙarfen nan mai kamar ƙofa da ke bayan kujera, wanda wasu ke cirewa don shiga ƙarƙashin mangwaro, shi ke hana tarakta danne direba. A bar shi a tsaye, a ɗaura bel. In babu ƙarfen kada a ɗaura bel ɗin, tunda a lokacin tsalle kaɗai ya rage.

Wajen sauka, zaɓi giyar tun kana kan tudu, wadda za ka hau da ita ita za ka sauka da ita. Kada ka taka kuloci, kada ka sa firi, domin injin ne ke riƙe da kai, in ka sake shi birki kaɗai ba zai tsayar da tirela cike da taki ba. Haɗa takalman birki biyu da sakatarsu, don taka ɗaya da gudu yana juya tarakta nan take. In mai jan taya huɗu ce a sa mata jan taya huɗun: yawancin ƙananan nan birkinsu a baya kawai yake.

Hawa kuwa haɗarinsa gaba ya tashi ta kife ta baya, abin da ba ya kai daƙiƙa 2. Yakan faru in an saki kuloci da ƙarfi a kan hawa, ko tayoyin baya sun kafe a laka, ko an ɗaura sarƙa sama da ƙarfen ja don tumɓuke kututture. Ja daga ƙarfen ja na ƙasa kaɗai ake yi. In ta kafe a fita da ribas, hawa mai tsanani ma da ribas ake yin sa, ɓangare mai nauyi na kallon tudu.

Bakin kwazazzabo da gaɓar magudanar ruwa, nisanka da su ya kai aƙalla zurfinsu, in jigawa ce ko an kwana ana ruwa a ninka. Juyawa a rage totur, a saki makullin da ke sa tayoyin baya biyu juyawa tare, a yi ta a inda ƙasa ta fi kwanciya. In ka ji tayar sama na neman tashi, karkata sitiyari wajen gangare.

Yaran da ke ɗarewa kan murfin taya a sauke su, kujera ɗaya ce. In za a tsaya, a sauke garma ta zauna a ƙasa, a ja birkin hannu, a kashe injin, a cire makulli, a tokare tayar baya da dutse ta ɓangaren gangare.