Abin da nake gani a hoton ƙwaƙwalwar tsofaffi

Iyayena da ƴan'uwana na Maraɗi, assalamu alaikum. Ina gaishe ku daga Lil, arewacin Faransa, inda nake aikin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar IRM.

Tunanin kakata ya sa na rubuto. A shekarunta na ƙarshe a Bagalam, sai ta ci tuwo ta ce an hana ta abinci, da magariba ta ɗauki mayafi wai za ta gidan mahaifinta, wanda ya daɗe da rasuwa. Muka ce gigin tsufa ne. Wasu suka ce iska, har aka samu masu raɗe-raɗin maita. Mun yi mata tsawa ba sau ɗaya ba. Allah Ya yafe mana.

Yau kusan kullum ina ganin irin ciwonta a allo. Na'urar da maganaɗisu take aiki, babu yanka. Can cikin ƙwaƙwalwa, wajen saitin kunne, akwai wani ɗan lanƙwasasshen sashe, hipokam, mai ajiye sabon abin da ya faru. A cutar Alzheimer yana cikin wuraren da ke fara motsewa, ruwa ya cike gurbin. Shi ya sa Kaka ke rera waƙoƙin bikinta tsaf, amma tuwon ɗazu ya ɓace mata. Likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, da ya bayyana cutar a 1906, sai bayan rasuwar majinyaciyarsa ya duba ƙwaƙwalwarta. Mu yanzu muna gani mutum na raye.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fararen ɗigo-ɗigo da ke fitowa a hoton. Tabon ƙananan jijiyoyin jini ne da hawan jini ya ci a hankali, shekara da shekaru. Ku tuna mutum nawa a gidajenmu ke shan maganin tansiyo, da kai ya daina ciwo su ajiye.

Tsohon da ya ruɗe cikin ƴan kwanaki, musamman bayan faɗuwa, a gaggauta kai shi likita. Wani lokaci jini ne ya taru a kai, skana na nuna shi, ana kuma cire shi.

In Allah Ya kai mu babbar salla zan taho da abin awon tansiyo. Baba, da kai zan fara.

Ɗanku, daga Lil