Shekara Shida Ina Jiran Zagaye Na Tara

Ina da shekara goma sha huɗu babana ya ɗauko ni daga Zangon Kumasi zuwa unguwar Bronx ta birnin New York, a 1998. Gidan da yake haya bai kai tafiyar minti goma a ƙasa ba zuwa filin ƙungiyar Yankees, saboda haka duk daren da ake wasa muna jin ihun 'yan kallo ta taga. Ƙwallon ƙafa na sani, besbol kuwa ko sunansa ban taɓa ji ba. Yaran Dominika na layinmu su suka fara zura mini safar fata a hannu, da suka ga yadda hannun da ya saba kaɗo mangwaro yake wurga ƙwallo sai suka ce ai ni mai jifa ne.

Wasan zagaye tara ne, kuma a kowane zagaye sai mai jifa ya fitar da masu bugu uku kafin ƙungiyarsa ta karɓi sanda. Yana tsayawa a kan ɗan tudu, ƙafa 60 da inci 6 tsakaninsa da mai bugu. Akwai wanda ke buɗe wasa ya yi zagaye biyar ko shida, akwai kuma mai karɓa, wanda ake kira idan na farko ya gaji ko wuta ta kama. Cikin masu karɓa ma akwai mai rufewa, shi ake miƙa wa zagaye na tara idan ana kan gaba da maki uku ko ƙasa da haka.

Ni buɗewa nake so. Da na shiga wata ƙungiyar 'yan sha'awa da ke wasa ran Lahadi, kocinmu, wani dattijo ɗan Dominika, ya bar ni na buɗe wasa huɗu. A dukkansu zagaye biyu na farko ba mai iya taɓa ƙwallona, daga na uku sai hannu ya yi sanyi a yi ta jibgata. Ya kira ni gefe ya ce daga yau ni mai karɓa ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka an mai da ni saniyar ware. Sai ya nuna mini filin Yankees da leɓe ya ce, yaro, mai lamba 42 ɗin can ma da buɗewa ya fara.

Mariano Rivera yake nufi, ɗan masunci daga ƙauyen Puerto Caimito a ƙasar Panama. Yankees sun ɗauke shi a 1990, ya hau babbar gasa a 1995 a matsayin mai buɗewa, abin bai yi armashi ba. A 1996 aka sa shi yana share wa John Wetteland hanya, a 1997 ya gaji rufewar. A shekarar ne, suna jefa wa juna ƙwallo da abokin wasansa Ramiro Mendoza, ya ga ƙwallonsa tana karkacewa da kanta gab da isa. Wannan jifar, da ake kira kata, ita ya riƙe har ƙarshen aikinsa. Kowa ya san ita ce ke tafe, amma sai ta kauce ta faɗa kusa da hannun mai bugun hagu, sanda ta karye.

Abin da na fara kwaikwaya ke nan, kuma nan na fara kuskure. Na kwashe wata uku ina matsa yatsata ta tsakiya a kan ɗinkin ƙwallo, ina neman kata irin tasa, ba ta zo ba, gwiwar hannuna kuma ta fara zogi. Koci ya ce in bar jifar wani in nemi tawa. Tawa ashe mai nitsewa ce, wadda ke sa mai bugu ya doki saman ƙwallo ta gangara a ƙasa. Na yar da sauran salon da nake tarawa, na koma jefa ta sau arba'in kullum a bangon wani fili, ina auna murabba'in da na zana da alli.

Jifar ba ita ce mai wuya ba, jira ne. Za ka zauna awa biyu da rabi a gefen fili, rana tana dukan ƙeyarka, ba ka san ko za a neme ka ba. Wata rana a ce tashi ka ɗumama hannu, ka yi jifa ashirin, sai wasa ya juya a ce zauna. Na koyi bin kowane mai bugu da ido tun zagaye na farko: wa ke saurin kai sanda, wa ke ja da baya in ƙwallo ta matso jikinsa. Daga zagaye na shida nake fara miƙe jiki, na bakwai in daina hira da kowa.

Ranar da ba na mantawa muna gaba da maki biyu, saura mutum ɗaya a tashi. Na bar wani ya wuce tashar farko kyauta saboda tsoron bugunsa, na biyu ya buga ya samu tasha, na uku ya ɗaga ƙwallon ta haye shinge, suka ci maki uku, wasa ya tafi. Abokan wasana da suka sha rana tun safe suka wuce ni ba mai cewa uffan. Na koma gida na kasa cin tuwo. Mahaifiyata ta ce, "Ɗan nan, wasa ne fa." Na ce, "Mma, amana aka ba ni."

Lahadi ta zagayo, na ce wa koci hannuna na ciwo, ƙarya nake. Bai yi mini faɗa ba, ya tambaye ni ina nake daren 4 ga Nuwamban 2001. Ina gaban talabijin mana, kamar kowa a Bronx. Wasa na bakwai kuma na ƙarshe na World Series, wato gasar cin kofin besbol, da Arizona, Yankees na gaba da 2 da 1 a zagaye na tara, Rivera ya yi kuskuren jifa zuwa tasha ta biyu cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa ya ci maki, daga baya Luis Gonzalez ya ɗan taɓa ƙwallo ta faɗi bayan masu tsaron ciki, kofi ya tafi. Rivera ya tsaya ya amsa tambayoyin 'yan jarida, ya dawo aiki, a 2004 ya rufe wasa 53. Koci ya saka mini ƙwallo a safa ya ce yau ma ni zan rufe. Ƙafafuna na rawa na hau tudun, na fitar da uku da jifa goma sha ɗaya.

Shekara shida na yi, kafaɗa da aikin tasi suka raba ni da fili. Rivera kuwa ya yi kaka 19, ya rufe wasa 652, ya ci kofi biyar, kuma a 2019 duk masu zaɓe 425 suka sa shi a zauren gwarzayen besbol, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba. Ko da jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Kansas City a watan Mayun 2012, yana da shekara 42, sai da ya dawo ya ƙara kaka guda.

Daren 26 ga Satumban 2013 na ajiye tasi a titi na 161 ina sauraron wasansa na ƙarshe a rediyo. Abokan wasansa Derek Jeter da Andy Pettitte suka fito karɓar ƙwallo daga hannunsa, ya kifa kai a kafaɗar Pettitte yana kuka. Wani fasinja ya ƙwanƙwasa gilashi, na roƙe shi ya nemi wata motar.